Louis Néel (1904–2000): Rayuwarsa da Tasirinsa a Nazarin Siraran Fallayen Maganaɗisu

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin rayuwar Louis Néel, masanin kimiyyar fiziks ɗan ƙasar Faransa, wanda ya sami kyautar Nobel a shekarar 1970. An waiwayi karatunsa da bincikensa a Strasbourg, da aikinsa a Yaƙin Duniya na Biyu, da cibiyoyin da ya kafa a Grenoble. An nuna cewa, duk da ya yi manyan ayyukansa kafin a sami na'urorin ƙira a ma'aunin nanomita, shi ne ya fayyace yadda maganaɗisu ke sauya hali idan aka ƙanƙanta shi ko aka sirantar da shi. A kan wannan bayani nasa aka gina ma'adanan sauti da rubutu masu amfani da maganaɗisu na wannan zamani.

1.0 Gabatarwa

Ɗan Adam ya daɗe da sanin maganaɗisu, dutse ko ƙarfen da ke janyo ƙarfe, wanda allurarsa ke nuna wa matafiyi arewa. Abin da ya ɓuya masa har zuwa ƙarni na 20 shi ne dalilin wannan hali. A yau an san cewa kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe tamkar 'yar ƙaramar kibiya ce mai fuskantar wata nahiya. Idan kibiyoyin suka fuskanci wuri guda, ƙarfinsu ya haɗu, sai a ga maganaɗisu a fili. Idan kuma zafi ya hargitsa su, kowace ta kama gabanta, sai ƙarfin ya ɓace. A baƙin ƙarfe, wannan ɓacewa tana faruwa ne a wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyas.

Fasahar wannan zamani tana amfani da maganaɗisu a siffar falle siriri da ake shafawa a kan gilashi ko wani ma'adini, wanda kaurinsa bai wuce 'yan nanomitoci ba. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma silin gashi ɗaya ya ɗara nanomita dubu goma nesa ba kusa ba. A irin wannan ƙanƙanta, ƙarfe ba ya bin halin da aka san shi da shi. Mutumin da ya riga kowa bayyana yawancin waɗannan sauye-sauye, da alƙalami da takarda, shi ne Louis Néel.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Louis Eugène Félix Néel a birnin Lyon ranar 22 ga Nuwamba, 1904. A shekarar 1924 ya shiga École Normale Supérieure da ke Paris, makarantar da ta yi fice wajen yaye malamai da masu bincike a Faransa, ya kammala a 1928. Daga nan ya nufi Jami'ar Strasbourg domin ya yi aiki a ƙarƙashin Pierre Weiss, wanda a lokacin shi ne jagoran nazarin maganaɗisu a ƙasar. A 1931 ya auri Hélène Hourticq, suka haifi 'ya'ya uku. Ya sami digirin dakta a 1932, ya zama farfesa a wannan jami'a a 1937.

Tun a 1907 Weiss ya kawo ra'ayin cewa akwai wani ƙarfi na cikin gida da ke tilasta wa ƙwayoyin zarra su fuskanci wuri guda. A tunaninsa, wannan ƙarfi iri ɗaya ne a ko'ina cikin ƙarfen, domin matsakaicin tasirin dukkan ƙwayoyin ne. Ɗalibin ya karɓi tushen maganar malaminsa, amma ya yi mata gyara guda. A ganin Néel, kowace ƙwaya maƙwabtanta na kusa take saurare, ba jama'ar ƙarfen baki ɗaya ba. Wannan gyara, da ake iya ɗauka ƙarami, shi ne zaren da ya ratsa dukkan aikin da ya yi cikin shekaru arba'in da suka biyo baya.

3.0 Maganaɗisun da Ba a Gani

Idan maƙwabtaka ce ke yanke hukunci, to babu abin da zai hana maƙwabta su saɓa maimakon su jitu. Tsakanin 1932 da 1936 Néel ya nuna cewa za a iya samun ma'adinin da ƙwayoyinsa suka kasu gida biyu, a sarƙe da juna: wannan ta fuskanci sama, ta kusa da ita ta fuskanci ƙasa, haka har ƙarshen ma'adinin. A ciki akwai tsari cikakke, amma a waje babu alamar komai, domin kowane gida ya soke ƙarfin ɗan'uwansa. Ana iya kiran wannan hali maganaɗisun saɓani, wanda masana suka laƙaba wa suna antiferomagnetizim. Matakin zafin da wannan tsari ke rushewa a kai, har yau da sunan Néel ake kiransa.

Ba a karɓi ra'ayin cikin sauƙi ba. Wasu manyan masana sun yi shakkar cewa irin wannan jeri zai iya tsayuwa, kuma babu na'urar da za ta leƙa cikin ma'adini ta raba gardama. A 1938 aka auna wani haɗin manganis da iskar oksijin, aka ga halinsa ya sauya a wajen digiri 150 ƙasa da daskarewar ruwa, daidai da yadda ka'idar ta faɗa. Amma cikakkiyar hujja ba ta zo ba sai a 1949, lokacin da Clifford Shull da abokin aikinsa Smart suka harba ƙwayoyin niyutiron cikin wannan ma'adini a Oak Ridge ta Amurka, suka ga gidajen biyu ƙuru-ƙuru. Néel ya jira fiye da shekara goma kafin ido ya tabbatar da abin da hankali ya hango.

A 1948 ya faɗaɗa tunanin. Idan gidajen biyu suna saɓani amma ƙarfinsu bai zo ɗaya ba, to dole wani ya rinjayi wani, ragowar ta bayyana a waje. Wannan shi ne maganaɗisun rinjaye, wato ferimagnetizim. Da shi ne ya warware sirrin dutsen maganaɗisu na asali, wanda mutane suka sani tun zamanin da: ƙwayoyin ƙarfensa suna zaune a mazauni iri biyu, ɗaya ya ninka ɗaya yawa, kuma suna fuskantar nahiyoyi kishiyoyin juna. Wannan bayani ya ba injiniyoyi damar haɗa ma'adinan da ake kira ferait bisa lissafi, ba bisa gwaji da dace ba. Da su aka yi sandunan kama tasha na akwatunan rediyo, da ƙananan zobban da suka zama ƙwaƙwalwar kwamfutocin shekarun 1950 da 1960.

4.0 Yaƙi da Ƙaura zuwa Grenoble

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, an kwashe Jami'ar Strasbourg zuwa Clermont-Ferrand saboda kusancinta da iyakar Jamus. Néel kuwa aka tura shi aiki da rundunar sojan ruwa. A lokacin Jamus tana dasa nakiyoyi a teku waɗanda ba sai jirgi ya taɓa su ba. Da zarar sun ji maganaɗisun gangar jikinsa ta ƙarfe sai su tashi. Néel ya tsara dabarar cusa wa jirgi wani maganaɗisu kishiyar wanda yake ɗauke da shi, ta yadda biyun za su soke juna, jirgin ya wuce nakiya ba ta ji shi ba. An yi wa ɗaruruwan jiragen ruwa wannan aiki a tasoshin Faransa a 1940. Tunanin soke ƙarfi da kishiyarsa, wanda aka yi ta gardama a kansa a zauren jami'a, ya zama sanadin tsirar rayuka a teku.

Bayan faɗuwar Faransa a wannan shekara, ya koma Grenoble, wani gari a gindin duwatsun Alps, inda jami'a ke da ɗakunan bincike da babu mai amfani da su sosai. A nan ya tara matasan masana, cikinsu har da Louis Weil da Noël Felici da Félix Bertaut, wasunsu masu gudun farautar da 'yan Nazi ke yi wa Yahudawa. Yaƙi ya jawo ƙarancin ma'adinai irin su kobalt da nikel, waɗanda ake yin maganaɗisu mai ɗorewa da su. Sai Néel da Weil suka koma ga garin baƙin ƙarfe mai tsananin laushi, suka matse shi ya zama maganaɗisu, tare da haɗin gwiwar kamfanin Ugine. Larura ce ta kai shi ga tambayar da ta zama ginshiƙin sunansa a fagen nano: me ke samun maganaɗisu idan aka niƙa shi ya zama ƙura?

5.0 Ƙananan Ƙwayoyi da Iyakar Tunawa

Amsar ta fito a 1949. Néel ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin tsaki na maganaɗisu yana riƙe fuskar da aka ɗora shi a kai ne saboda akwai wani shinge da sai an tsallake kafin ya juya. Tsawon shingen ya danganta da girman tsakin. Zafi kuwa kullum yana girgiza shi, yana neman ya tsallakar da shi. Abin mamakin shi ne yadda lokacin jira ke sauyawa: ɗan bambanci kaɗan a girma yana iya mayar da shi daga ƙiftawar ido zuwa miliyoyin shekaru. Tsakin da ya cika ƙanƙanta ba ya riƙe komai, domin zafin ɗaki kaɗai ya isa ya juya shi. Daga baya William Fuller Brown na Amurka ya ƙara inganta lissafin a 1963, shi ya sa ake haɗa sunayensu a kan ka'idar.

Ya yi wannan aiki ne domin ya bayyana abin da Émile Thellier ya lura da shi a kan gasasshen yumɓu. Tukunya ko tubali ko dutsen aman wuta, idan yana hucewa, ƙananan ƙwayoyin ƙarfen da ke cikinsa sukan daskare suna fuskantar inda maganaɗisun duniya ya nufa a wannan rana, su riƙe shaidar har abada in ba a sake ƙona su ba. Da wannan ne masu binciken kayan tarihi ke ƙiyasta shekarun tsofaffin murahu da matoya, da shi ne kuma masana ƙasa suka amince da shaidar duwatsu cewa arewa da kudun maganaɗisun duniya sun sha musanya wuri, kuma nahiyoyi suna motsi. Néel ya kuma yi gargaɗi a 1951 cewa wasu duwatsu suna iya daskarewa a kishiyar fuskar da ta kamata. Ba da jimawa ba Takesi Nagata da abokan aikinsa suka sami irin wannan dutse a tsaunin Haruna na ƙasar Japan.

Wannan ka'ida ta shafi duk wanda ya taɓa ajiye murya ko rubutu a na'ura. Zaren kaset, irin wanda manazarta adabin baka suka naɗi waƙoƙi da tatsuniyoyi da hirarrakin dattawa a kansa, roba ce da aka shafa wa ƙananan ƙwayoyin wani nau'in tsatsar ƙarfe mai maganaɗisun rinjaye. Ɗorewar abin da aka naɗa ta rataya ne a kan shingen da Néel ya lissafa, kuma wannan na daga cikin dalilan da ke sa ake nisanta kaset daga zafi. Haka abin yake ga faifan ajiya na kwamfuta. Duk lokacin da masu ƙira suka so cusa bayanai masu yawa a ɗan fili, sai sun ƙanƙanta ƙwayoyin, kuma akwai inda in suka wuce, faifan zai soma mantuwa da kansa. Wannan iyaka ce ta tilasta wa masana'antu sauya salon naɗi a tsakiyar shekarun 2000, suka koma tsayar da maganaɗisun a tsaye maimakon kwantar da shi.

6.0 Gudummawarsa ga Siraran Fallaye

Ayyuka uku ne suka kafa sunan Néel a nazarin fallaye, kuma dukkansu daga tunanin maƙwabtaka suka tsiro.

Na farko ya zo a 1954. Ƙwayar da ke tsakiyar ƙarfe tana da maƙwabta ta kowace fuska, amma wadda ke saman fata ba ta da kowa a bisanta. Néel ya ce wannan rashi zai sa ta fi son wata nahiya dabam da ta 'yan'uwanta na ciki. A babban curin ƙarfe wannan ba ya da tasiri, saboda ƙwayoyin fata ba su taka kara sun karya ba. A fallen da kaurinsa bai wuce jerin ƙwayoyi kaɗan ba kuwa, kusan kowace ƙwaya 'yar fata ce, don haka maganaɗisun duka yana iya miƙewa tsaye. Ulrich Gradmann da abokin aikinsa suka tabbatar da haka a Jamus a 1968, shekara goma sha huɗu bayan hasashen. A yau irin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta maganaɗisu, wadda ba ta mantuwa in an ɗauke wuta, a kan wannan hali na fata ta dogara.

Na biyu ya biyo baya a 1955. Maganaɗisu yakan kasu yanki-yanki, kowane yanki da fuskarsa, kuma a tsakanin yanki da yanki akwai katanga inda kibiyoyin ke juyawa sannu a hankali. Felix Bloch ya bayyana siffar wannan katanga a babban ƙarfe tun 1932. Néel ya lissafa cewa a siririn falle irin wannan juyi yana da tsada, domin yana tura kibiyoyin su ɓullo ta fatar fallen. Idan kaurin ya sauka zuwa 'yan gomiyoyin nanomita, sai kibiyoyin su gwammace su juya a kwance, cikin shimfiɗar fallen. Ita ce ake kira katangar Néel, kuma babu littafin koyar da wannan fanni da ba ya ambatonta.

Na uku ya zo a 1962. Idan aka jera fallaye biyu na maganaɗisu, aka raba su da wani falle marar maganaɗisu, to tudu da kwarin da ke fatarsu, masu kama da na ɓawon lemo, sukan sa su janyo juna su fuskanci wuri guda ko ba a so. Masu ƙera na'urori masu hawa-hawa har yanzu suna fama da wannan, shi ya sa suke matsa wa kansu wajen samar da fata mai santsi.

7.0 Gina Mutane da Cibiyoyi

Néel bai tsaya ga alƙalami ba. A 1946 ya kafa ɗakin binciken lantarki da fiziks na ƙarafa a Grenoble, wanda ya kasance na farko da hukumar bincike ta ƙasa, CNRS, ta mallaka a wajen yankin Paris. A ƙasar da komai na ilimi ke tattare a babban birni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 1956 ya kafa cibiyar nazarin nukiliya ta Grenoble, ya shugabance ta, domin ya san niyutiron ce ta ba shi gaskiya a 1949, kuma ba a samun ta da yawa sai da tukunyar nukiliya. A wannan shekara ce Bertaut da Francis Forrat suka gano wani sabon dangin ma'adinai masu maganaɗisun rinjaye a garin. Ya kuma taka babbar rawa wajen kafa Cibiyar Laue-Langevin a 1967, haɗin gwiwar Faransa da Jamus, shekara ashirin da biyu kacal bayan ƙarshen yaƙin da ya raba su. A 1967 ɗin ne aka buɗe LETI, ɗakin binciken ƙananan na'urorin lantarki, a cikin cibiyar nukiliyar. Daga 1971 zuwa 1976 ya shugabanci babbar cibiyar koyar da injiniyanci ta Grenoble.

Girmamawa ta biyo aikin. An zaɓe shi a Majalisar Kimiyya ta Faransa a 1953, ya karɓi lambar zinariya ta CNRS a 1965, sannan a 1970 ya raba kyautar Nobel ta fiziks da Hannes Alfvén na ƙasar Swidin.

8.0 Abin da Shi Kansa Bai Hango Ba

A laccarsa ta karɓar kyautar, Néel ya nuna cewa ma'adinai masu maganaɗisun saɓani suna da daɗin nazari, amma bai ga alamar za su yi wani amfani ba. Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. Tun a 1956 Meiklejohn da Bean na Amurka suka lura cewa idan aka manna maganaɗisu na yau da kullum a jikin na saɓani, na saɓanin yakan riƙe shi ya hana shi juyawa. A 1986 Peter Grünberg ya gano cewa fallayen ƙarfe biyu da aka raba da siririn kuromiyom suna iya fuskantar kishiyar juna. A 1988 shi da Albert Fert, kowa a nasa ɗakin bincike, suka ga cewa gudun lantarki a irin waɗannan fallaye yana sauyawa ƙwarai gwargwadon jituwarsu ko saɓaninsu, binciken da ya kai su ga Nobel a 2007.

Da aka zo mayar da wannan ya zama na'urar karanta faifan kwamfuta, sai aka buƙaci falle ɗaya ya tsaya cak, ɗayan ya riƙa juyawa. Abin da ya tsayar da na farkon kuwa shi ne falle mai maganaɗisun saɓani. Kamfanin IBM ya fitar da faifai mai irin wannan makaranci a 1997, Néel yana raye, yana da shekara 93 ba kaɗan. Abin da ya ɗauka na nazari kawai ya shiga kusan kowace kwamfuta a duniya.

9.0 Kammalawa

Louis Néel ya rubuta tarihin rayuwarsa, aka buga a 1991. Ya rasu a Brive-la-Gaillarde ranar 17 ga Nuwamba, 2000, saura kwana biyar ya cika shekara 96. A 2006 aka buɗe cibiyar fasahar nano ta Minatec a Grenoble, a 2007 kuma aka haɗe wasu ɗakunan binciken garin aka sa musu suna Cibiyar Néel.

Tasirin mai bincike ba ya bayyana duka a zamaninsa, kuma shi kansa ba lallai ne ya san iyakarsa ba. Hasashen Néel kan maganaɗisun saɓani ya jira fiye da shekara goma kafin a gan shi, na fatar falle ya jira goma sha huɗu, amfanin na farkon a kasuwa kuwa ya jira wajen shekara sittin. Duk wanda ya auna shi da ma'aunin shekara biyar, da ya yi masa gajeren hukunci. Tambaya ɗaya ya riƙe tun yana ɗalibin Weiss, ta yadda ƙwaya ke sauraren maƙwabtanta, ya bi ta cikin dutse da yumɓu da gangar jirgi da garin ƙarfe da siririn falle. Masu ƙira a ma'aunin nanomita, waɗanda ke da na'urorin da bai taɓa riƙewa ba, har yau da amsoshinsa suke fara lissafi.